Yadda muka tumɓuke sunan PRODDTA daga furogiram ɗinmu

Wata ranar Laraba da hantsi mai kula da sito ya bugo waya ofishinmu yana faɗa. Ya ce kwamfuta ta nuna masa katan-katan na madara sun ragu da ɗari biyu, alhali ga su nan jibge a gabansa, babu motar da ta yi lodi tun safe. Ni na ɗauki wayar. Na ba shi haƙuri, na ce za mu duba, na ajiye na koma kan gwajin da nake yi hankalina kwance. Sai da idona ya sauka kan lambar kayan da nake gwajin da ita gabana ya yanke ya faɗi. Madara ce. Ɗari biyun kuma ni na rubuta da hannuna minti goma da suka wuce.

Kamfanin da nake wa aiki na rarraba kayan masarufi ne, kuma duk lissafinsa a kan na'urar IBM yake, wadda har yau kowa a ofis yake kira AS/400 ko da yake an daɗe da sauya mata suna. A 1988 ta fito da wannan sunan, ta zama iSeries a 2000, tun 2008 kuma ana ce wa tsarin IBM i. Koren allo muke amfani da shi, furogiram ɗinmu kuwa da harshen RPG da na CL aka rubuta su, wasu sun girme ni a aiki nesa ba kusa ba.

A wannan na'ura komai a cikin laburare yake zaune. Ba laburaren littattafai ba, ɗaki ne kawai na ajiya mai suna da bai wuce harafi 10 ba, a cikinsa ake zuba fayil da furogiram da sauran tarkace. Idan furogiram yana son fayil, hanya biyu gare shi. Ko dai ya kira sunan ɗakin da sunan kayan tare, PRODDTA/STKBAL (PRODDTA shi ne laburaren bayananmu na gaske, STKBAL kuma fayil ne a cikinsa), ko kuma ya ce STKBAL kurum, ya bar na'urar ta nemo. In ya yi na biyun, sai ta bi jerin laburaren da aikin yake ɗauke da shi, wanda ake rubutawa *LIBL, daga sama zuwa ƙasa, wanda ta fara cin karo da shi ta ɗauka ba ta ƙara duba gaba. Kamar ka aiki yaro ne. In ka ce ya ɗauko tsintsiyar ɗakin Inna, can zai nufa ko da gidan ya cika da tsintsiya. In ka ce ya ɗauko tsintsiya, ɗakin da ya fi kusa zai faɗa.

Abin da na yi ranar nan daidai ne a ka'ida. Na kwafe PRODDTA zuwa TESTDTA, laburaren gwaji, na cire na gasken daga jerina da EDTLIBL, na sa na gwajin, har na duba da DSPLIBL don in tabbata. Abin da ban duba ba shi ne ƙaramin furogiram ɗin CL da ke kiran nawa. A layi na tara ko na goma akwai umarnin OVRDBF da ke cewa duk wanda ya nemi STKBAL a kai shi PRODDTA/STKBAL. Jerina bai da ta cewa a nan. An riga an gaya wa yaron ɗakin Inna.

Allah ya taimake mu fayil ɗin yana ƙarƙashin jonal, kundin da na'urar ke rubuta duk canjin da aka yi. Da DSPJRN muka ga layukan da na taɓa, ga sunana ɓaro-ɓaro a gefen kowanne, muka mayar da su da hannu kafin azahar. Ogana bai yi faɗa sosai ba. Ya dai tambaye ni me ya hana ni kunna STRDBG da UPDPROD(*NO), wanda da ya hana buɗe fayil ɗin laburaren gaske don rubutu. Ban da amsa. Da la'asar ya dawo teburina ya ce, "To tunda kai ka tono, kai za ka binne. A cire sunayen nan duka."

Kafin in taɓa komai sai da na je wurin Baba. Shi ne dattijon sashenmu, shi ya rubuta fiye da rabin abin da ke kan na'urar, ya kusa ritaya. Na durƙusa gefen kujerarsa na gaya masa abin da aka sa ni. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ɗan nan, ka san dalilin da ya sa na kafe sunayen?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce a zamaninsu kason mai amfani na jerin laburare 25 kawai yake ɗauka, sai a 2001 da V5R1 ta zo aka kai shi 250. Na'urar kuma ba ta da gudu, suna ganin duk binciken ɗaki-ɗaki ɓata lokaci ne. Amma babban dalilinsa ba wannan ba ne. Ya ce in suna a kafe yake, duk wanda ya buɗe rubutun furogiram ya san fayil ɗin da za a taɓa, ko tsakar dare aka tashe shi. In jeri ne, sai ka san wa ya kunna aikin, daga ina, da wane jeri, kafin ka san abin da ya faru. "Ba kawar da haɗarin za ka yi ba," in ji shi, "ɗauke shi za ka yi daga inda ake ganinsa ka kai inda ba a gani." Na yi shiru don girmansa, amma a zuciyata na ce tsoho ne ke kare aikinsa. Wanda ya riga ka kwana dai.

Matakin farko ƙidaya ne. Na sa FNDSTRPDM ya bi fayilolin rubutunmu, QCLSRC da QRPGLESRC da QDDSSRC, yana neman kalmar PRODDTA. Ya fito da wurare ɗari uku da wani abu. Na buga su a takarda, na sayi jan biro, ina ganin aikin mako biyu ne. Sannan na kunna DSPPGMREF a kan laburaren furogiram gaba ɗaya na zuba sakamakon a fayil, don in kama waɗanda rubutunsu ya ɓata ko ya saɓa da abin da ke aiki. Nan na fara ruɗewa, domin kusan kowane furogiram ɗin RPG ya nuna PRODDTA a gefen fayilolinsa. Na kwana biyu ina zaton dukansu a kafe suke. Baba ne ya warware mini: ga RPG, abin da umarnin ke nunawa shi ne inda aka tarar da fayil ɗin ranar da aka gina furogiram, amma lokacin aiki jeri yake bi, sai fa in an sa masa EXTFILE da cikakken suna ko an juya shi da OVRDBF. Wannan kaɗai ya rage mini fiye da rabin fargabar.

Gyaran rubutun shi ne mafi sauƙi kuma mafi gundura. Ka buɗe, ka goge PRODDTA da sandar da ke gabansa, ka sake gina furogiram, ka soke layi da jan biro. Ba abin ba da labari a ciki, sai dai na koyi kada in taɓa fiye da goma a rana, don in wani abu ya fashe in san inda zan duba.

Wahalar tana inda binciken kalma ba ya gani. Na farko da ya kama ni wani furogiram ne na rufe wata, wanda babu PRODDTA ko ɗaya a rubutunsa, amma da na kunna shi a gwaji ƙarƙashin UPDPROD(*NO) sai ya tsaya cak yana kukan an hana shi buɗe fayil. Na bi shi layi-layi. Ashe yana karanto harufa huɗu daga wani ɗan ma'ajin bayani, irin wanda ake kira DTAARA, sannan ya manna musu DTA a baya da *TCAT ya haɗa sunan da kansa. A cikin ma'ajin an rubuta PROD. Da na kwafe laburaren, ma'ajin ya biyo ni da PROD ɗinsa a ciki. Wanda ya tsara wannan ya yi ne don a samu sauƙin sauya muhalli, amma da yake ba wanda ya rubuta hakan a ko'ina, dabarar ta koma tarko.

Na biyu ya fi ba ni tsoro. Akwai fayil iri biyu a nan: fizikal, wanda ke ɗauke da bayanai, da lojikal, wanda taga ce kawai da ake leƙa fizikal ta cikinta da wani tsari. Lojikal ba ya bin jeri lokacin aiki. Ranar da aka ƙirƙire shi ake ɗaura shi da fizikal ɗinsa, ɗaurin kuma ba ya kwancewa. In su biyun a laburare ɗaya suke, ka kwafe su tare, kwafin zai dubi kwafi. Amma mu muna da wasu lojikal da aka ajiye a laburare dabam na masu rahoto, suna leƙa PRODDTA daga can. Da na kwafe su da CRTDUPOBJ, sababbin suka ci gaba da leƙen fizikal ɗin gaske. Wato furogiram zai bi jeri lafiya lau, ya tarar da lojikal a ɗakin gwaji, ya zura hannu ta taga ya rubuta a ɗakin gaske. Da DSPDBR na gano, da na kunna shi a kan fayil ɗin abokan ciniki na gaske na ga sunan laburaren gwajina a cikin masu dogaro da shi. Na goge su duka na sake ƙirƙirarsu daga rubutu, da jerin gwaji a hannuna.

Daga nan na daina yarda da takardata. Na bi tiriga, wato furogiram ɗin da fayil ke tayarwa da kansa in an taɓa shi, da DSPFD TYPE(*TRG), domin shi ma ranar da aka maƙala shi ake rubuta laburarensa. Na bi furogiram ɗin hidima da DSPPGM DETAIL(*SRVPGM), na tarar wasu an ɗaure su da *LIBL wasu da cikakken suna, ya danganta da wanda ya gina da kuma ranar da ya gina. Mako biyun nan ya zama wata uku.

Sai kuma tsara jerin kansa, wanda a da ban ɗauke shi aiki ba. Jerin kashi huɗu ne kuma a jere ake bin su: na tsarin na'ura, wanda QSYSLIBL ke riƙewa kuma bai wuce laburare 15 ba, sai gurbi biyu na manhajojin da ke saka kansu, sai laburaren yanzu guda ɗaya, sai kason mai amfani. Namu ikon a na ƙarshen yake. Na tarar kowa a kamfanin da yadda yake samun nasa. Wasu daga furogiram ɗin shiga, wasu daga bayanin aiki, wato JOBD, wasu kuma furogiram ne ke ƙara laburare a jeri da ADDLIBLE a tsakiyar tafiya ya danne kuskuren CPF2103 in laburaren yana nan, ba ya kuma cire shi in ya gama. Mutum ya shiga menu uku, jerinsa ya zama kwandon shara. Muka yanke cewa wuri ɗaya za a riƙa rubuta jeri: JOBD ɗaya na gaske, ɗaya na gwaji, sannan furogiram ɗaya tak ke da izinin sauya jeri da CHGLIBL.

Daren farko da muka saki gyaran aikin dare, wayata ta yi ƙara ƙarfe biyu saura. Ma'aikacin dare ne, ya ce, "Yallaɓai, aikin rufe rana ya tsaya, yana nuna MSGW." Wato yana jiran a amsa masa wani saƙo. Na shiga daga gida ina mutsuttsuke ido. A kundin aikin ga CPF4101, ba a ga fayil ba. Na danna zaɓi na 13 a WRKJOB don in ga jerinsa: QGPL, laburaren gama-gari da ke zuwa da na'urar, da QTEMP, na wucin gadi, shi ke nan. Na gwada wannan aikin ya fi sau goma da rana bai taɓa faɗuwa ba, saboda da SBMJOB nake tura shi, shi kuwa in ba ka ce komai ba jerin wanda ya tura yake kwafa ya ba aikin. Da dare ba ni ke turawa ba, jadawalin WRKJOBSCDE ne, shi kuma JOBD yake dubawa. Na wannan aikin QDFTJOBD ne, JOBD ɗin da ke zuwa da na'urar, wanda ke ɗauko jerin da ke cikin saitin QUSRLIBL, nan ma ba wanda ya taɓa shi tun da aka kawo na'urar. Shekara da shekaru aikin yana tafiya ne don sunayen da Baba ya kafe. Na sauya JOBD, na sake turawa, ya gama kafin asuba. Wannan kuskuren mai mutunci ne, ya tsaya ya yi ihu.

Wanda bai yi ihu ba Hajiya ce ta kama shi, shugabar sashen lissafi. Muna cikin makon da muka ba mutum uku sabon tsarin su gwada, ta shigo da takardar rasit a hannu ta ajiye mini a kan allon rubutu.

"Malam, duba harajin nan."

Na duba. Kashi 5 cikin ɗari. VAT kuwa ya koma kashi 7.5 tun ranar 1 ga Fabrairu 2020, kuma na san an gyara furogiram ɗin a lokacin. Na buga WRKOBJ da *ALLUSR a gaban sunan furogiram ɗin. Biyu suka fito. Na gaske yana laburarenmu, ɗaya kuma yana QGPL, tsohon kwafi da wani ya jefa can ya manta kafin a sauya harajin. Muddin ana kiransa da cikakken suna, tsohon yana kwance ba ya cutar kowa. Da na cire sunan, kuma na sa QGPL a sama da laburarenmu a sabon JOBD ba tare da tunani ba, na'urar ta fara cin karo da shi ta ɗauka. Ba saƙon kuskure, ba komai, rasit ya fito tsaf da lissafin da bai dace ba. Rasit bakwai ne, ba ko ɗaya da ya bar ofis. Baba yana jin duk abin da ake yi daga kujerarsa. Bai ce uffan ba, ya dai ɗaga kofin shayinsa ya kurɓa, wanda ya fi mini zafi da a ce ya yi magana.

Washegari na fitar da sunan duk abin da ke kan na'urar da DSPOBJD zuwa fayil, na nemi sunayen da suka maimaitu a laburare fiye da ɗaya. Abin da na gani a QGPL ya isa a yi gwanjo. Muka kwashe, muka mayar da QGPL ƙasan jeri, muka hana kowa ajiye furogiram a ciki.

Masu jawo bayanai daga Excel ta ODBC su ma sun ɗan sha wuya, don haɗinsu yana amfani da tsarin suna na SQL, wanda ba ya bin jeri, laburare mai sunan mai amfani yake nema ya dawo da SQL0204, wato bai ga fayil ba. Aka sauya musu zuwa tsarin *SYS a saitin haɗin, magana ta mutu.

Ban cire sunayen duka ba, duk da abin da oga ya ce, kuma na je na gaya masa dalili. QTEMP na bar shi a kafe ko'ina. Laburaren wucin gadi ne da kowane aiki ke da nasa, kuma in ka rubuta DLTF ko CLRPFM, umarnin goge fayil ko share abin da ke cikinsa, ba ka ce QTEMP ba, ranar da kwafin wucin gadin bai samu ba umarnin zai gangara jeri ya goge na gaske mai irin sunan. Na bar QSYS, laburaren tsarin na'ura, a gaban QCMDEXC, furogiram ɗin da ke zartar da umarni, inda na tarar da shi. Sannan akwai furogiram biyu da ke aron ikon mai su, waɗanda aka gina da USRPRF(*OWNER), ɗaya na sauya farashi ɗaya na albashi. Irin waɗannan in suka kira wani furogiram ba da cikakken suna ba, duk mai iya saka laburarensa a saman jeri zai iya ajiye nasa furogiram mai wannan sunan, a kunna masa shi da ikon da ba nasa ba. A nan Baba ya fi ni gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma shi ya zauna da ni muka bi kiran da ke cikinsu ɗaya bayan ɗaya. A sauran wuraren ina nan kan bakana. Yanzu in aka ce a gwada rufe wata, sai in kwafi bayanan jiya, in shiga da JOBD na gwaji, in kunna furogiram ɗin da zai yi aiki gobe shi kansa, ba wani kwafi da aka sauya wa sunaye da hannu ba. A da ba mu taɓa iya wannan ba.

Abu na ƙarshe da na rubuta ɗan furogiram ne na gadi, layinsa bai kai talatin ba. Yana ɗauko jerin aikin da RTVJOBA, a gurbi mai faɗin 2750, harafi 11 ga kowane laburare sau 250, domin tsofaffin furogiram ɗin Baba 275 suke warewa tun zamanin 25. In ya ga PRODDTA da TESTDTA a jeri ɗaya, ko ya ga bayanan gaske a hannun asusun gwaji, sai ya tsayar da aikin ya aika saƙo zuwa QSYSOPR, akwatin saƙon mai kula da na'ura, da sunan mai laifin. Muka kuma janye wa asusun masu rubuta furogiram ikon rubutu a PRODDTA, abin da ya kamata a ce an yi tun kafin a ɗauke ni aiki.

Kwana tara mai gadin bai kama kowa ba. A na goma ina sauri in duba wata matsala kafin sallar Juma'a, na yi ADDLIBLE PRODDTA a zaman gwajina don in leƙa wani fayil, na manta ban cire ba, na kunna menu. Allon ya tsaya. Ma'aikacin da ke kallon QSYSOPR ya leƙo ta saman katangar teburinsa yana dariya, ya karanto sunan da ƙarfi yadda har Baba sai da ya ji.